Tele na cijewa: partaj, akwatin wifi, fibar ko Starlink, wanne za ka zuba wa kuɗi a Damagaram?

Yayana da ke Garin Malam ya kira ni wani dare bayan isha, ransa a ɓace. Ya sayi tele mai shiga intanet, ya kafa ta a falo, ya zuba forfe mai tsada, amma da an zauna kallo sai hoto ya daskare, ƙawanyar nan ta hau juyawa a tsakiyar gilashi. Yara sun gaji da jira, kowa ya koma kan salularsa. Ya ce mini, "Ƙanena, gobe ka raka ni mu sayo Starlink ɗin nan kawai, na gaji." Na ce, "Yaya, ka ba ni dare biyu tukuna. In ta kama a saya, ni zan fara ce maka ka saya."

Dare biyun nan na roƙa ne domin na sha ganin mutum ya kashe jikkuna masu yawa kan sabon kaya, ya dawo gida ya tarar da ƙawanyar tana nan tana juyawa. Cijewar hoto ba ciwo ɗaya ba ce. Wurare uku take fitowa: ko hanyar da intanet ke bi ya iso ƙofar gidanka, ko tsakanin ƙofar gida da telen, ko can wajen masu turo hoton. Kowace da maganinta, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗayar.

Ɗan Damagaram ba ya bukatar dogon bayani kan yadda abin ke aiki, domin ya san zaman jiran famfo. Tele tana da ƴar randa a cikinta. Intanet na zuba mata hoto na ƴan daƙiƙu masu zuwa, ita kuma tana ɗiba tana nuna maka. Muddin abin da ke shiga ya kai abin da ke fita, ba za ka ga komai ba. In famfon ya koma ɗiga, randar ta ƙare, sai ta tsaya ta jira a tara mata. Wannan jiran shi ne ƙawanyar. Fim ɗin da aka riga aka ɗora randarsa babba ce, ana tara masa gaba sosai, shi ya sa yake jure ɗan yankewa. Abin da ake nunawa kai tsaye, ƙwallo ko kokowar takobi, randarsa ƙarama ce, tunda ba a tara abin da bai faru ba. Shi ya sa gidan da fim ke tafiya lafiya, ranar wasa sai a ga abin ya rikice.

Ruwan da ake bukata ma bai kai yadda mutane ke zato ba. Tsabtar hoto da lamba ake faɗin ta, irin su 480p da 720p, gudun layi kuma da megabit. YouTube da kansa ya ce hoton 480p yana son megabit 1.1 a daƙiƙa, na 720p yana son 2.5, na 1080p yana son 5, na 4K kuwa 20. Netflix na neman 3 ga 720p, 5 ga 1080p, 15 ga 4K. Wato gidan da ke samun megabit 5 tsayayye zai yi kallo mai kyau. Kalmar da za ka riƙe ita ce tsayayye. Layin da ke ba ka 30 yanzu, ya faɗi zuwa rabin megabit bayan minti ɗaya, ya fi cutar da mai kallo bisa wanda ya tsaya kan 4 bai motsa ba. Sannan kada a haɗa megabit da megan forfe: megabit 8 ne ke yin mega ɗaya irin wadda ake cire maka. In ka yi lissafi, 720p na cin kusan jiga 1.1 a awa, wasan ƙwallo ɗaya da hutun rabi da ƙarin lokaci ya haura jiga 2. A 480p wasan nan bai wuce jiga ɗaya ba sai kaɗan.

Gwajin da na yi a gidan Yaya kowa zai iya yinsa, salula kawai yake so. Ka buɗe fast.com ko Speedtest, masu awon gudun intanet, ka auna gudun layinka bayan sallar asuba, ka sake aunawa tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, a wuri ɗaya. Kada ka yi ta maimaitawa, awon kansa yana cin mega. In da asuba gudu na da yawa amma da dare ya zube, to cunkoso ne: dogon ƙarfen rezon unguwarku yana raba abin da yake da shi ga duk wanda ya hau, kuma bayan isha kowace fada ta hau. Sandunan rezo da kake gani cike a saman salula ba sa gaya maka wannan. Su ƙarfin isowar sigina suke nunawa, ba yawan waɗanda kuke rabo da su ba. Bayan nan ka auna a jikin akwatin wifi, ka sake aunawa a daidai inda tele take. In bambancin ya yi yawa, matsalar tana cikin gidanka. Na ƙarshe, lokacin da tashar da kake kallo ta cije, ka fita ka kunna YouTube a kan telen nan. In ya tafi sumul, intanet ɗinka lafiyarsa lau, masu turo hoton ne suka gaza.

A gidan Yaya gwaji na biyu ne ya tona asiri. Akwatin wifi yana cikin ɗakinsa, bisa kabad, kusa da rufin kwano, an ma ɗora masa hula a kai. Tsakaninsa da falo akwai bangon laka biyu, irin mai kaurin nan da hannunka ba ya zagaye shi. A jikin akwatin gudu ya wadatar, a bakin tele kuwa da ƙyar awon yake kammaluwa. Muka fito da shi zuwa tagar falo, muka sayo kebul na intanet a Kasuwar Dole muka haɗa shi da bayan tele kai tsaye. Daren nan aka kalli labarai da fim ba tsayawa. Ya dube ni ya ce, "Ashe bango ne?" Na ce, "Bango ne, Yaya, da zafin kwano."

Da a ce ya sayi Starlink ya ajiye akwatinsa a wannan ɗakin, da bangon nan biyu suna nan suna jiransa.

To, amma ba kowa ne matsalarsa za ta ƙare da kebul ba. Wanda gwajin asuba da dare ya nuna masa cewa hanyar ce ba ta isa, shi ne ke gaban zaɓi na gaske.

Mafi sauƙi shi ne partaj, wato ka mai da salularka wifi telen ta sha daga gare ta. Ba ka sayen komai, kuma yana da wata fa'ida da ake rainawa: salula mai layi biyu tana ba ka damar sauyawa nan take in ɗaya ya cushe. Ga gwauro mai ɗaki ɗaya, ko ɗalibin jami'ar André Salifou da ke kallo sau biyu a mako, ya isa. Amma ba zan ba mai iyali shawarar ya dogara da shi ba. Salular da ke karɓar 4G, tana watsa wifi, tana kuma kan caji, ayyuka uku masu zafi take yi lokaci ɗaya. A Afrilu da Mayu, sanda zafin garin nan ke haura digiri 40, sai ta yi zafi ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace, hoto ya fara cijewa bayan rabin awa alhali rezo bai canja ba. Batir ma yana tsufa da wuri. Ga kira: a layuka da yawa, da kira ya shigo salula takan sauka daga 4G don ta amsa, tele ta tsaya cak. Mai gida kuma in ya fita masallaci da salularsa a aljihu, kallo ya ƙare ga kowa. In dole ne partaj za ka yi, cire mata riga, ajiye ta a taga inda iska ke bugawa, kada ka bar ta bisa katifa.

Akwatin wifi mai cin layi, wanda wasu ke kira boks wasu modem, shi ne na fi tsayawa a kai, domin shi ya dace da yawancin gidajen cikin gari. Daga dogon ƙarfe ɗaya yake sha da salularka, saboda haka kada wani mai shago ya ce maka zai kawar da cunkoson dare. Ba zai kawar ba. Abin da yake ba ka daban ne. Antenansa sun fi na salula girma, yana zaune wuri ɗaya da ka zaɓa masa, ba kira da ke katse shi, kuma babba daga cikinsu yana da ramin kebul a baya. Wannan ramin shi ne rabin darajarsa. Ƴan ƙananan nan na aljihu masu batir galibi ba su da shi, kuma suna zafi kamar salula, don haka in don tele ne, ɗauki babban. Kebul ɗin intanet yana kai mita 100 ba tare da ya rage gudu ba, wanda ya fi tsawon kowane tsakar gida da na sani. In jan kebul ba zai yiwu ba, ka duba ko akwatin na da wifi iri biyu. Na 2.4 ya fi ratsa bango da nisa amma ya fi cunkoso da na maƙwabta. Na 5 ya fi gudu amma bango ɗaya mai kauri ya ishe shi. Tele a ɗaki ɗaya da akwati, sa ta kan 5. Akwai bango tsakani, koma 2.4.

Abu biyu nake so mai saye ya tambaya kafin ya miƙa kuɗi. Na farko, akwatin a buɗe yake ko an ɗaure shi ga kamfani ɗaya? Muna da Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms, kuma ba wanda zai ce maka ga wanda ya fi a Damagaram gaba ɗaya, domin abin na unguwa ne, har na lungu. Wanda ke gudu a Sabon Gari yana iya rarrafe a bayan duwatsun Birni, inda dutse ke tare sigina. Ka ari layukan abokai, ka gwada kowanne a falonka da ƙarfe 9 na dare, sannan ka zaɓa. Akwati buɗaɗɗe yana barinka ka sauya ranar da lissafi ya sauya. Na biyu, in an ce forfen ba shi da iyaka, tambayi jiga nawa za ka ci kafin a rage maka gudu. Da yawa cikin irin wannan tsari suna da wannan sharaɗi, kuma mutum sai ya ga rabin wata na farko lafiya, rabi na biyu cijewa, ya ɗora laifin kan tele.

Wutar da yake ci ma abin dubawa ce. Akwatin 4G wajen wat 10 yake sha, yawanci kan bolt 12. Ɗan ƙaramin batir na musamman da ake sa masa yana riƙe shi awanni. Wannan yana da amfani ko da gidan na da janareta ko pano, domin duk ƙiftawar wuta tana kashe akwati, kuma sai ya ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya sake kama rezo.

Fibar, wato igiyar intanet da ake ja har cikin gida, in ta iso unguwarku, ba na dogon magana a kanta: ita ta fi duka tsayuwa. Ba ruwanta da bango na waje, ba ruwanta da hadari, kuma ba ka rabon iska da fadar bakin titi. Babbar igiyar ƙasa ta ratsa Damagaram, har aikin shimfiɗa igiyar da ke ƙetare Sahara ya ja wata ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. Sai dai wucewar babbar igiya ta gari daban, shigowarta gidanka daban. Ka je ofishin kamfani da kwatancen gidanka ka tambaya. In sun ce ana ja, kuma gidan naka ne ba haya ba, ɗauka. Ɗan haya da zai iya tashi baɗi ya yi tunani, igiya ba ta bin mutum.

Sai Starlink, intanet ɗin da faranti ke kamowa daga taurarin ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Nijar bisa izini a watan Maris na 2025, kuma tun lokacin sunansa ke bakin kowa. Taurarinsa suna yawo ne a nisan kusan kilomita 550, ba kamar na parabol ba da ke can kilomita 35,786, shi ya sa amsarsa ke da sauri. Babban abin da ya fi sauran da shi, ba ya bi ta dogon ƙarfen unguwa ko kaɗan. Ga wanda ke bakin gari inda 4G ke zuwa tana komawa, ko mai gona a hanyar Mirya, ko ma'aikaci a wani ƙauyen Tanut ko Gure, babu abin da ya kama ƙafarsa. Gudunsa ya ishi tele da yawa a lokaci guda.

Amma a yi lissafi da idon basira. Akwai kuɗin kayan, akwai na wata da ake biya ko an kalla ko ba a kalla ba. Akwai wuta: babban farantin yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini 25 zuwa 40. Kallon awa biyar da babban zai sha wat-awa 375 zuwa 500. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 na ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda, kuma in na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya daɗe. Wato farantin kaɗai ya kusa cinye rabon dare, ba a sa tele da fanka ba. Akwatin 4G a awa biyar ɗin nan wajen 50 zai ci. Yana kuma son sarari buɗe a sama. Bishiyar dogon yaro da ke ba ka inuwa a tsakar gida, ko benen maƙwabci, suna iya sa shi yankewa na ƴan daƙiƙu a kai a kai, kuma ga kallon kai tsaye irin wannan yankewa ita ce mafi ciwo. Manhajarsu tana da wurin da ake ɗaga salula a duba sama kafin a kafa. A yi wannan tun kafin a saya. Ruwan sama mai ƙarfi na Agusta shi ma yana raunana shi har hadarin ya wuce. A ganina, gida ɗaya mai tele ɗaya a tsakiyar gari bai cika bukatarsa ba. Babban gida mai sassa huɗu ko biyar da za su haɗa kuɗi su ja kebul zuwa kowane sashe, nan ne yake biyan kansa.

Akwai ciwon da duk waɗannan huɗun ba sa warkarwa, kuma shi na fi gani a wajen matasa. Mutum ya sayi lambar nan mai arha da ake cewa tana buɗe tashoshi dubbai, a sa masa a ƙaramin akwatin Android. Ranar Talata da rana tana tafiya. Ranar babban wasa, minti biyar da farawa, ta tsaya. Dalili shi ne injin da ke turo hoton, can wata ƙasa, an sayar wa mutane fiye da ƙarfinsa, kuma yawancin irin waɗannan ba su da izinin tashoshin da suke nunawa, ana iya rufe su kowane lokaci ba wanda za ka kai wa kuka. Na ga wanda ya sauya layi sau uku saboda wannan, alhali YouTube na gudu a gidansa kamar ruwa. Ko fibar ka ja, ko faranti ka kafa, injin can bai san ka yi ba. Akwatunan Android masu arha su ma suna da nasu: mai ƙwaƙwalwar aiki jiga 1 yana shaƙewa da manhajojin yanzu, ga zafi in an cusa shi bayan tele. Mai jiga 2 zuwa sama ya fi, a bar shi a sarari, a goge manhajojin da ba a amfani da su, a riƙa zare shi daga wuta lokaci lokaci.

Shi ya sa ga wanda ƙwallo ce ko kokowa babban abin da ya dame shi, nake cewa kada ya raina parabol. Tauraron yana watso hoto ɗaya ga kowa, ko mutum goma ke kallo ko miliyan goma, ba cunkoso, ba mega da ke ƙarewa ana tsakiyar wasa. Hotonsa ma yana riga na intanet isowa. Wanda ya taɓa jin ihun maƙwabta kafin ƙwallo ta shiga raga a telensa ya san zafin abin. Kokowar takobi Télé Sahel na nuna ta, manyan wasannin Turai kuma akwai dekoda irin ta Canal+. Rauninsa hadari ne, da kuma cewa abin da aka sa shi za ka kalla. Gidaje da yawa abin da ya fi musu shi ne haɗa biyu: parabol don kai tsaye, ɗan akwatin 4G don finafinai da wa'azi da karatun yara.

Wani lokacin kuma laifin ba na kowa ba ne a garin nan. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa daga igiyoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala har da mu. Irin wannan rana, in ka tambayi mutum uku masu layi daban daban kowa na kuka, kada ka taɓa saitin komai, kada ka sayi komai.

Ga wanda cunkoson dare ne ciwonsa kuma aljihu bai kai faranti ba, akwai dabara biyu da ba sa cin ko dala. Ka shiga saitin hoto ka cire shi daga kan zaɓin kai da kai, ka ɗaure shi a 480p ko 720p. In ka bar shi, da ya ga gudu ya ɗan ƙaru sai ya haura sama, gudun ya faɗi, randa ta ƙare. A tele mai inci 32, daga inda ake zama bisa tabarma, 720p ya wadatar, 480p ma ana kallo da daɗi. Sannan abin da ba kai tsaye ba ne, kamar finafinan Hausa masu dogon zango, ka sauke shi a salula da asuba ko cikin dare sanda hanya ta yi sarari, musamman in layinka na da forfen dare, iyali su kalla bayan isha ba tare da jiran rezo ba. Ka kuma leƙa ko salula nawa ke kan wifin gidan lokacin kallo. A gidan Yaya mun ƙirga tara, biyu ma na yaran maƙwabta ne, kowace tana jan bidiyo. Muka sauya lambar sirri, ya kafa doka cewa in an kunna tele, sauran su dakata.

Shi dai Yaya ya tsaya kan akwatinsa na 4G, da kebul mita 10, da ɗan batir, hoto a ɗaure kan 720p. Maganar Starlink ya mai da ta ga gidan gonarsa, inda salula sai an hau tudu take kama rezo, kuma ya ce sai ya ƙara pano da batir kafin ya kai shi can.